Cutar da ke Girmama Manya

Ku yaran da kuke shigowa aikin nan yanzu da waya a hannu, na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Kuna cewa bin sawun cuta ba wani abu ba ne, a hau babur a sha iska, a latsa waya a tura rahoto, a dawo gida kafin la'asar. Ran nan ma na ji ɗayanku yana cewa mu dubagarin da, aikinmu leƙa randar mutane ne da ƙwace ruɓaɓɓen tumatir a kasuwa. Ban musa ba, na leƙa randa, har da wadda ta girme ku nesa ba kusa ba. Sai dai wayar nan taku abin da aka faɗa muku kawai take turawa, su kuwa mutanen da muke yi wa aiki ba su cika faɗin abin da ya faru ba.

Ranar da na fara aiki aka haɗa ni da Malam Inuwa, wani dogon dattijo mai babur ɗin da ba ya tashi sai an tura. Rabin koyon aikina turin babur ne a cikin yashi. Ragowar rabin kuwa riƙon kaya ne: akwatin sanyi na ajiye samfur, kwalabe masu murfi na ɗibar ruwa da bayan gida, doguwar igiya ta zura kwalba a rijiya, farar hodar kulorin da ke sa ido hawaye, da wata sanda da yake cewa ita ce babbar ma'aikaciya, saboda karnukan ƙauye ba su san kakin gwamnati ba. Duk inda muka sauka, kafin ya kwance kayan nan, sai ya zauna an gama gaisuwa tsaf, an tambayi gida, an tambayi damina, an tambayi gajiyar hanya. Ni ina tsaye ina ƙuna, shi yana shan fura.

Abu uku yake tambaya a kowane gari: wa ya kwanta, a ina yake zaune, yaushe abin ya fara. In ya gama da marasa lafiya sai ya koma kan masu lafiya, ya yi musu tambayoyin da suka fi na majinyata yawa. Na taɓa ce masa ɓata lokaci ne. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, in gari duk sun sha kunu, rabi sun faɗi rabi suna tsaye, me za ka ce da kunun? Sai ka nemo abin da na kwance suka taɓa wanda na tsaye ba su taɓa ba." Shi ne kuma ya koya mini cewa ciwo yana ɗan ɓuya a ciki kafin ya fito. Abin da ya kayar da mutum yau, jiya ko shekaranjiya ya shiga cikinsa, amma in ka tambaye shi, mai ƙosan da ya saya a wajenta da safen nan zai tsine wa.

Masu hulɗa da mu kuwa, Allah ya ba ku haƙurinsu. Za ka tarar da mutum a kwance, ido ya faɗa, ana yi masa ƙarin ruwa, ka ce yaya jiki, ya ce maka da sauƙi sosai. Akwai wani dattijo a wajen Rimin Gado da na ba kwalba, na yi masa bayani dalla-dalla cewa bayan gidansa nake so a ciki, ya ce ya gane sarai. Washegari ya kawo mini ita cike da man shanu. Ya ce ya kwana yana tunani, ya ga ba a taɓa yi a gidansu ba a sallami baƙo da irin abin da na nema. Man na da kyau, na kai gida, na sake ba shi wata kwalbar.

Shekarar da ta fi wahalar da mu, lokacin Malam Inuwa ya riga ya ajiye aiki, ni ke riƙe da yankin. Ruwan sama ya yi yawa, masai ya cika ya tumbatsa, ya gangara rijiyoyi. Amai da gudawa ya shiga ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Kun san yadda ƙasarmu take, gari na ƙarewa wani na farawa, gona jikin gona, guga ɗaya sai ya zagaya gida biyar. Ɗakin shan magani ya cika, muka riƙa rataye ledar ƙarin ruwa a reshen darbejiya. Mun rasa mutane a shekarar nan, wasu na san su da sunansu, kuma ba na son yawan tuna ta. Amma a cikinta ne na yi aikin da har gobe in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai.

Wata unguwa ce a wani ƙauye tsakanin Makoda da Ɗambatta. Ba zan faɗi sunanta ba, don jikokinsu suna nan kuma suna da waya. Aka aiko cewa ciwon ya shiga. Na je da shirin zuba hoda a rijiya kamar ko'ina, sai na tarar da abin da ban taɓa gani ba. Duk waɗanda ke kwance maza ne. Ba mace ko ɗaya, ba yaro ƙarami ko ɗaya. In da rijiya ce, ai mata da yara ne za su fara faɗuwa, su ke wuni da ruwa. Na ɗebi ruwan na aika Kano duk da haka, na zuba hoda. Sannan na sake duba majinyatan, na ga wani abin: magidanta ne matasa da samari. Tsofaffin da iska ma ke iya kayarwa suna zaune garau a gindin tsamiya suna jan carbi.

Na bi majinyatan ɗaya ɗaya ina tambaya me ka ci jiya da shekaranjiya. Kowa ya ce tuwon gidansa. Na koma wajen tsofaffin, su ma kowa tuwon gidansa. Mai unguwa, Baba Garba, har da ɗaga murya don a ji a cikin gida: "Ni tun da na auri Kande ban san ɗanɗanon miyar wata ba."

Ana cikin haka wani matashi da ake yi wa ƙarin ruwa, ciki ya murɗa shi, ya manta matarsa na zaune a gefe tana yi masa fifita, ya saki ƙara: "Wayyo Allah, da na sani ban ci miyar Hajara ba!"

Matar ta ajiye mafici. Ta ce, "Wace Hajara?"

Kafin azahar maganar ta gama unguwa. Hajara matar wani manomi ce mai suna Ɗanjuma, shi ma yana cikin na kwance. Da aka matsa wa sauran majinyatan, kowa ya amsa a ƙasa-ƙasa cewa shi ma ya ɗan taɓa. Unguwar nan suna ciyayya, wato bayan magariba kowane gida ya fito da akushinsa ƙofar gidan mai unguwa, maza su haɗu su ci tare. To sai mutane suka yi lissafinsu: waɗanda suka ci miyar Hajara sun faɗi, dattawan da suka ce ba su ci ba suna tsaye. Wasu suka ce daddawarta ce ta lalace, wasu suka ce ai ba daddawa ba ce, wani abu take barbaɗawa. 'Yan uwan Ɗanjuma suka tsaya a kansa yana kwance, ko zama ba ya iya yi, har sai da ya ce ta tafi gidansu tukuna. Ta tafi da goyo a baya, ta bar yara biyu suna kuka a tsakar gida. Aka ce in ya miƙe zai sallame ta gaba ɗaya.

Abin ya ɓata mini rai ƙwarai. Miyar da aka tafasa aka sauke da zafinta ba ta cika ɗaukar wannan ciwo ba, kuma ita Hajarar da 'ya'yanta daga tukunyar nan suke ci, ga su lafiya lau. Amma a bisa abin da aka faɗa mini, lissafin mutanen unguwa daidai yake, ko Malam Inuwa aka ba wannan bayani haka zai ce. Na ce to, ba zan koma gida ba sai na ga cin abincin nan da idona.

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma. Dattawa a kanta, sauran waɗanda ciwo bai kayar ba a kan dakali da ƙasa. Akusa suka fara fitowa. Baba Garba ya dubi hanya, ya sake duba, sai ya ce, "Wai ina na gidan Ɗanjuma ne?" Ya tuna, ya kama tari. Aka tura masa wani akushi, ya buɗe, ya kai loma ɗaya, fuskarsa ta tattare.

Ya ce, "Subhanallahi. Wannan kuma na gidan wa?"

Can wani ya ce, "Na gidanka ne, Baba."

Ban yi dariya ba, aiki ya koya mini riƙe fuska. Hankalina ma yana wani wajen, domin kafin a buɗe akusan nan na ga abin da nake nema. Tasa ɗaya ce ta wanke hannu, babba, da ruwa rabi. Aka fara miƙo mini saboda ni baƙo ne, sannan Liman, sannan mai unguwa, aka bi da ita daga babba zuwa wanda ke bi masa, kowa ya tsoma hannu ya cuɗa ya yarfe. Da ta iso ƙarshen tabarma sai rigima ta tashi tsakanin mutum biyu, Ado da Sale. Ado ya fizge tasar ya tsoma hannu yana cewa ai ko makaho ya san ya girmi Sale da damina guda. Sale ya ce ƙarya ne, ranar sunan Ado shi har ya fara rarrafe. Aka gaya mini kullum haka suke yi tun suna samari, kuma kullum Ado ne ke cin nasara saboda ya fi tsawon hannu. Sale ya wanke nasa, ya tura wa na ƙasa. A nan na miƙe na riƙe tasar, na ce yau dai a bar ta haka, a kawo buta da sabulu.

Duk wanda ke kwance, a bayan Sale yake wanke hannu. Duk wanda ke gabansa, har da Ado mai fizge, lafiyarsa ƙalau. Shi Sale dillalin awaki ne, yana bin kasuwanni. Ina kallonsa, kafin a gama cin abinci ya tashi da buta ya zagaya baya har sau biyu. Na bi shi na tare shi a lungu, inda ba mai ji.

Na ce, "Malam Sale, yaya cikin?"

Ya ce, "Lafiya lau."

Na ce, "Tsakaninka da Allah."

Ya ce, "To, ɗan ruɗewa ne, tun da na dawo daga kasuwa. Ai bai kai a faɗa ba, ga ni da ƙafata."

Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe. Ciwon nan ba kowa yake kayarwa ba. Wani yana ɗauke da shi yana yawo yana ciniki, shi ne kuma ya fi rabawa, don na kwance ba ya zuwa ko'ina. Na haɗa masa ruwan gishiri da sukari, na karɓi samfur, wannan karon na tsaya a bakin ƙofa har aka ba ni abin da na nema. Na ce gobe da sassafe ya je ɗakin shan magani, kuma ya huta da ciyayya. Ban yi masa faɗa ba, bai san yana ɗauke da komai ba.

Ado ne ya warware mini sauran. Ya ce shekara da shekaru akushin Hajara gaban dattawa yake fara sauka. Su ci mai zafi, su kwashe man da ke sama, sannan su tura saura ƙasa ta hannun Sale, yadda tasa ke bi. Nasu akusan kuwa samari ake tura wa, su kuma samari ko dutse aka dafa za su cinye. Kowane akushi ya koma gida a suɗe, kowace mata ta kwana da daɗin cewa maigida ya yaba.

Washegari na tara mutane a ƙofar gidan mai unguwa, mata suna bayan danga suna saurare. Na yi bayanin tasa ba tare da na kama sunan kowa ba. Na ce hannu ɗaya in ya ɗauko ciwo, ruwan ya zama na ciwo, duk wanda ya tsoma daga baya ya ɗiba ya kai baki. Na ce a riƙa zuba ruwa daga buta, da sabulu, in babu a sa toka, ruwan ya zube ƙasa. Suka saurare ni cikin ladabi. Sannan yayan Ɗanjuma ya ce, "Malam dubagari, tasar nan tun kakanninmu ake wanke hannu a cikinta. Mu dai abin da muka gani, wanda ya ci miya ya faɗi, dattawa ba su ci ba, ga su nan." Jama'a suka ce haka ne.

Na ja Baba Garba cikin zaure. Na ce, "Baba, auren yarinyar nan a bakinka yake. In ka ce ka ci miyar nan kuma ba abin da ya same ka, magana ta ƙare."

Ya ce, "Ɗana, ka san Kande kuwa?"

Na ce ban santa ba.

Ya ce, "Shi ya sa." Ya share gumi da hularsa. "Ba za a iya cewa binciken gwamnati ne ya nuna ba?"

Na ce, "Binciken gwamnati bai ci tuwo da ku ba, Baba. Yara biyu suna can ba uwa."

Ya mayar da hularsa kai. Sannan ya gyara babbar rigarsa, ya fita kamar wanda za a cire wa haƙori. Ya tsaya gaban jama'a ya yi sallama, ya yi salati, ya kawo tarihin kafuwar unguwar, ya yi addu'a ga magabata, har na fara zaton ba zai iso ba. Can dai ya ce, "Jama'a, miyar gidan Ɗanjuma, ni nake fara sa mata hannu. Tun shekarar da aka kawo yarinyar nan. Ban taɓa ko ciwon kai ba."

Liman ya yi gyaran murya ya ce, saboda gaskiya, shi ma yakan ɗan taɓa. Ado ya ce, "Taɓawa, Malam? Wa ke tsame naman?" Sauran dattawan suka riƙa amsawa ɗaya bayan ɗaya, kowa kansa a sunkuye. Sai muka ji muryar Kande daga bayan danga, ba ta ma ɗaga ba sosai.

"Garba."

Ya ce, "Na'am."

"Wa yake cinye nawa?"

Wani saurayi daga baya, wanda Allah bai ba wayo ba, ya ce, "Mu ne, Inna. Da yaji yana shiga."

Taron bai watse da addu'a ba. Na ga dattawa suna shiga gidajensu a hankali, wasu suna tsayawa a zaure suna gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Amma daga ranar aka koma buta da sabulu, ciwon ya tsaya a kan waɗanda ya riga ya kama, su ma duk suka tashi. Sakamakon Kano ya dawo, rijiya lafiya, samfurin Sale kuwa ga ciwon a ciki. Mutane suka yi nasu lissafin suka gano inda layin ya fara, ba wanda ya tsangwame shi, sai Ado da ya bi gari yana cewa yanzu dai har cuta ta shaida shi ne babba.

Ɗanjuma na miƙewa ya tura biko. Ni ma na bi 'yan bikon, don aikina ne in duba ko ita da goyonta sun tafi da ciwon ƙauyen iyayenta. Na same ta a tsakar gida tana daka, lafiyarta ƙalau. Ƙaramar mace ce, ba ta da yawan magana. Na yi mata tambayoyina na aiki, ta amsa. Na gaya mata an wanke ta a gaban kowa, na ba ta labarin taron, ina zaton za ta yi dariya kamar yadda kowa ya yi.

Ta tsayar da taɓarya. Ta ce, "Malam, dukkansu ne suke ci? Har da Liman?"

Na ce har da Liman.

Ta ce, "Kullum Ɗanjuma cewa yake a ƙara tuwo, a ƙara miya. Ina ta ƙara tsaba, ina tashi tun asuba, ina jin kunyar a ce mijina ci ne da shi." Ta gyara goyonta. "Zan koma saboda yarana. Amma ashe unguwa guda nake ciyarwa shekarun nan duka, ba wanda ya taɓa aiko mini da sannu. Ba a san miyata ba ce sai ranar da aka ce na zuba musu guba."

Ta ɗaga taɓarya ta ci gaba da dakanta.